Muryar da ke cikin faifai da wadda Kaka ta ji

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Kakata ba ta da zance sai na A'isha Falatiya, wai idan ta ɗaga murya a gidan biki har masu wucewa tsayawa suke yi. Na nemo waƙoƙinta a YouTube, sai na ji 'yar siririyar murya cikin ƙara kamar ana suyar ƙosai, kafin in gyara zama ma waƙa ta ƙare. Kaka ce ke ƙara gishiri, ko kunnena ne? Daga wata ɗaliba a Gadarif.

AMSA: 'Yata, kunnenki lafiya lau, Kaka ma ba ta yi miki ƙarya ba. Ke faifai kika ji, ita kuwa mutum ta ji.

A'isha Musa Ahmad tamu ce, jinin mutanen yamma da suka zauna a Sudan. Sunan Falatiya ma daga Fallata ya fito, wato yadda Larabawan nan ke kiranmu, Bahaushe da Bafulatani duk kuɗin goro. A Kasala aka haife ta, ta tashi a Omdurman, mahaifinta malami ne mai almajirai. Sai ki auna irin ƙurar da ta tashi a gidan ranar da aka ji 'yar malam na waƙa a gidajen biki. A 1942 ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, shekara biyu da buɗe shi, mace ta farko da ta yi haka, 'yar'uwarta Jidawiya na kaɗa mata ud, wato garayar Larabawa. Ta rasu a 1974.

To ga inda gizo ke saƙar. Waƙoƙinta na farko a Alƙahira aka ɗauke su a faifan garmaho, irin mai juyi 78 a minti, wanda fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Dole mawaƙiya ta datse waƙa daidai faifai, kamar tela da aka ba yadi bai isa ba. Amshin da za a maimaita sau goma a gidan biki sai a yi shi sau biyu. Sannan allura tana cin faifan duk sa'ad da aka kunna, daga nan aka juye a kaset, daga kaset zuwa waya. Suyar da kike ji ke nan. Abin da ya fara salwanta a wannan doguwar hanya shi ne kaurin murya da nauyin ganga.

Ni ban riski A'isha a fili ba, amma na ga irin abin da Kaka ke nufi. Daren lallen wata 'yar ƙanwata a Omdurman, wata dattijuwa ta zauna da dalluka, gangar da mata ke kaɗawa a biki, a cinya, ba lasifika, ba komai. Waƙa ɗaya ta ja ta kusan rabin awa. Ta hango uwar ango ta shigo, nan take ta saka sunanta cikin baiti, mata suka ɗau guɗa, maza suka taso suna kaɗa yatsu a sama suna “abshir, abshir”, wato yi murna. Da ta ga amarya ta gaji sai ta sassauta kiɗa ba tare da kowa ya ce mata uffan ba. Wani yaro ya ɗauka a waya. Washegari da ya kunna mana muna shan jabana, wato gahawa, wallahi sai da na ce wannan ba matar jiya ba ce.

Ki sake saurara da abin ji a kunne, cikin dare. Ki bar ƙarar, ki bi inda take jan numfashi, da yadda take sauke ƙarshen baiti ba ta yi gaggawa ba duk da faifan na korar ta. Bayan haka ki kai wa Kaka wayar. Na yi imani ba za a yi minti ɗaya ba za ta karɓe waƙar, ta ƙaro baitocin da faifai bai ɗauka ba. Ki tanadi wata wayar a gefe ki ɗauke ta, kada ki gaya mata, don in ta sani za ta ce muryarta ta dishe.