Imfireshanizim da Fos-Imfireshanizim: wa ya ɗauka a wurin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce daga Tudun Wadan Gombe, an ba mu aiki kan Imfireshanizim da Fos-Imfireshanizim amma ni wallahi duk ɗaya nake ganinsu. Mene ne bambancinsu, kuma wa ya ɗauka a wurin wa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba laifinki ba ne, ai 'yan gida ɗaya ne, salon zane ne guda biyu, a Faransa aka haife su duka.

Ki je bakin dam ɗin Dadin Kowa da sassafe lokacin hunturu, ruwan toka-toka ne hazo ya rufe shi, kafin hantsi ya koma walƙiya sai kin kanne ido, da la'asar kuma ya yi ja. To wannan hasken da ba ya tsayawa shi masu zanen Imfireshanizim, su Monet da Renoir da Pissarro, suke bi, suna fita waje da allonsu tunda an samu fenti na cikin tub, su yi ta dangwala burushi da sauri kafin rana ta juya. A 1874 suka yi baje kolin farko a Faris, sunan ma ba'a ce wani ɗan jarida ya yi wa zanen Monet na fitowar rana.

Na bayansu, 'yan Fos-Imfireshanizim, wato Cézanne da Seurat da Gauguin da Van Gogh, sun karɓi launin amma suka ce ido kaɗai bai isa ba. Cézanne yana neman ƙashin abu, wato tsarinsa, Van Gogh abin da ke ci masa zuciya. Ba ƙungiya ba ce fa, wani mai sharhin zane ɗan Ingila, Roger Fry, shi ya raɗa musu sunan a Landan 1910, lokacin duk huɗun sun rasu. Dubi zanen Van Gogh na masu cin dankali na 1885, duhu kamar ɗakin girki, ya zo Faris 1886 launinsa ya washe.

Ni inda ya fi taɓa ni shi ne Pissarro. Shi ya ja Cézanne waje a garin Pontoise kusa da Faris ya raba shi da baƙin fenti, sai kuma ga shi ya haura hamsin ya koma yana koyon zanen ɗigo-ɗigo a wurin Seurat, yaron da ya haifa a shekaru, har ya tsaya kai da fata sai an saka Seurat a baje kolin 'yan Imfireshanizim na takwas a 1886. Wajen 1890 ya bar salon don yana cin lokaci ya koma nasa. Ki gina aikinki a kansa, ki saka zanensa na 1877 kusa da na 1888 malaminku ya gani da idonsa.