Filin gangare: a fitar wa ruwa hanya kafin a yanka ɗakuna

Wa alaikumus salam, Malam. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da safe don in amsa a natse, domin abin da kake shirin shiga na riga na shige shi, kuma na ji a jikina. Ka ce ka sayi fili ƙafa 50 a 100 a wajen Tumfure, titi yana sama, filin ya gangara baya, bambancin ya kusa tsayin mutum. Magininka ya ce a zuba ciko a daidaita ko'ina, sannan a ɗora zanen gidan yayanka mai ɗaki huɗu. Za ka zauna da Hajiya mahaifiyarka, da maiɗakinka, da yara biyar.

Don Allah ka dakata da maganar cikon nan, ka kuma ajiye zanen yayanka tukuna. An yi shi ne don shimfiɗaɗɗen fili, naka kuwa ba haka yake ba.

Ni ba injiniya ba ne, mai gida ne da ya gina a gangare a nan cikin Gombe. Irin shawarar da aka ba ka ita aka ba ni, na kuma ɗauka. Muka ja katangar baya da bulo inci 9, ba rodi, ba a cika ramukan bulon da kankare ba, muka yi ta juye jar ƙasa a bayanta har ta kai inda muke so. Da rani abin gwanin sha'awa. A damina ta biyu, cikin watan Agusta, aka kwana ana ruwa. Wajen asuba muka ji wata ƙara kamar an sauke tifar dutse. Na fito da tocila na tarar katangar ta kwanta cikin gidan maƙwabcina na ƙasa, jar laka ta malale har bakin madafarsu, tukwanen matarsa sun nutse a ciki. Allah Ya tsare ba kowa a wurin. Ɗakin yarana da ke kusa da katangar ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, ina sa yatsu biyu a tsagar suna shiga. Har yau in hadari ya haɗo cikin dare sai na tashi na leƙa bayan gida.

Injiniyan da ya zo daga baya bai daɗe yana dubawa ba. Ya ce katangar gida daban, bangon tare ƙasa daban. Ciko in ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake, ruwan kuma bai da mafita, sai ya tura bango. Fandeshon ɗakin kuwa rabinsa a kan ƙasar asali yake, rabi a kan ciko, cikon ya zauna, ɗakin ya bi shi.

Abu na farko, ka san ainihin gangarar, ido yana ruɗi. In kana da hali ka kira safiyo, wato mai awon fili. In babu, tiyon ruwa mai haske da magina ke ɗaukar lebur da shi ya isa: a kafa turaku duk bayan ƙafa 10 daga bakin titi zuwa baya, a gefen dama da na hagu, a rubuta. Mu ɗauka ƙafa 6 ne. Layin bulo ɗaya inci 9 ne, ke nan layi 8. In za ka cike filin duka ya yi daidai da titi, kana bukatar ƙasa kimanin kubik mita 425. Ko tifa mai ɗaukar kubik 10 ce, ka haura tifa 40, ban da abin da zai ragu in an daddaɓe. Ka tambayi kuɗin tifa ɗaya a yau ka lissafa, sannan ka ƙara kuɗin bangon kankare mai ƙafa 6 da zai riƙe wannan ƙasar. Da wannan kuɗin sai ka rufa gidan.

Amma duba lissafin ta wata fuskar. Ƙafa 6 a cikin 100 na nufin duk ƙafa 12 da rabi ƙasa tana sauka layin bulo ɗaya ne kacal. Ginin da zurfinsa bai wuce ƙafa 25 ba, layi biyu ne tsakanin gabansa da bayansa. Shi ya sa nake cewa ka jera ɗakunan a kwance, su bi faɗin filin, kada su miƙe su bi gangarar. Ka raba filin hawa uku, kowane hawa da nasa lebur ɗin, tsakaninsu layi biyu ko uku. Layi biyu inci 18 ne, matakala uku ke nan masu inci 6. Ƙaramin bango mai wannan tsayin riƙe shi ba wuya, ba kamar mai ƙafa 6 ba.

Hawan sama, na bakin titi, shi ne na ƙofa, wurin mota, falon baƙi da bayinsa, da ɗakin samari in yaran sun tasa. Na tsakiya shi ne cikin gida. Na ƙasa a bar shi fili: shanya, sokawe, 'yan bishiyoyi, turken dabba in ana kiwo. Akwai wata fa'ida da ban lura da ita ba sai da na zauna: in cikin gida ya ɗan yi ƙasa da falon baƙi, wanda ya shigo daga waje ba ya hango tsakar gida. Sai dai ka duba maƙwabcinka na sama da na gefe, kada tagarsu ta zama tana kallon inda iyalinka ke zama. Wani lokaci juya baranda kawai ke magance wannan, ba sai an ƙara tsayin katanga ba.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. Matakala uku a wurinka ba komai ba ne. A wurin dattijuwa mai ciwon gwiwa, wadda za ta tashi alwalar asuba cikin duhu, matakala uku na iya tsare ta a ɗaki. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta zauna da ni shekarunta na ƙarshe, ɗakinta yana sama, tsakar gida tana ƙasa da matakala huɗu. Da farko tana sauka da sanda. Daga baya sai ta zauna a bakin ƙofarta tana kallon jikokinta daga nesa, ana kai mata abinci can. Ban gane abin da na yi mata ba sai da lokaci ya ƙure. Saboda haka ɗakin Hajiya, da bayinta, da inda za ta shimfiɗa tabarma ta sha hantsi, da ƙofar kicin, duka su zama a lebur ɗaya. Daga ƙofar gida zuwa wannan hawan kuma, ban da matakala, a yi mata 'yar gangara mai sauƙi ta gefe da ƙarfen dafawa. Duk inci ɗaya na sauka a ba shi aƙalla ƙafa ɗaya na tsawo, wato inci 18 na son ƙafa 18. Kada a sa mata tayil mai santsi. Ranar da za a kai wani asibiti a keken guragu, ko a shigo da buhun hatsi a baro, za ka gode wa wannan hanyar.

Sai ruwa, wanda tun farko shi ya kamata a fara zanawa. Kai ɗan Gombe ne, ka san yadda ƙasarmu take, yashi-yashi ce, ka ga kwarurrukan da suka cinye gidajen mutane a cikin gari, da yawansu daga 'yar ƙaramar hanyar ruwa suka faro. Ruwa uku ne zai same ka: na titi, na rufinka, da na maƙwabta. Na titi ka tare shi tun daga waje, da kwalbati mai kyau da dokin ƙofa mai tudu. In titin bai da kwalta tukuna, ka sa a ranka ranar da za a yi shi zai iya ƙara tsayi, don haka kada ka yanke hawan sama ya yi ƙasa sosai. Na rufi kuwa mutane na raina shi. Rufi mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 50, lita 10,000 zai zubo, duro 50 ke nan a dare ɗaya. Ka sa indararo, ka tara abin da za ka iya a tanki, sauran ya bi kwata ta siminti. Ka bar lungu ƙafa 3 ko 4 a kowane gefe don kwatar, kada son ƙarin faɗin falo ya sa ka manna gini da katanga.

Tambayar da ba ka yi ba ita ce mafi girma: in ruwan ya isa bayan filin, ina zai fita? In akwai layi ko lambatu a bayanka, alhamdu lillahi. In filin wani ne, ka neme shi yanzu, kafin ya gina, ku zauna gaban mai unguwa ku fitar da hanyar ruwa a kan iyaka, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Ni da maƙwabcina sai bayan ɓarna muka yi wannan zaman. Mutumin kirki ne, ya yafe, amma na san na cutar da shi, kuma addini ya hana cuta da cutarwa.

Sokawe a hawan ƙasa, bututun bayi mai inci 4 zai gangara da kansa, wannan kyauta ce gangare ya ba ka. Rijiya ko burtsatse a sama, nesa da sokawe, kada ta gaza ƙafa 50, in ta fi haka ya fi. Amma ka leƙa ka ga inda maƙwabtan gefe suka haƙa nasu ramin, don ƙazanta ba ta san iyakar fili ba. Bayi kuma a duba alƙibla tun a takarda.

Wajen fandesho abu biyu ba na sassauci a kansu. Kowane rami sai ya kai ƙasar asali mai tauri, ko da ciko ya rufe wurin, kuma a haƙa shi hawa-hawa, kowane hawa a kwance, kada a zuba kankare a karkace yana bin gangara. Cikon cikin ɗakuna a zuba inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Leburori za su so su juye shi gaba ɗaya, ka tsaya a kansu. Duk bangon da zai riƙe ƙasa a sa masa rodi da kankare, a jera tsakuwa a bayansa, a bar bututun tsiyayar ruwa a gindinsa. Wanda ya wuce ƙafa 3 ko 4 kuwa injiniya ne zai zana shi, ba magini ba, komai ƙwarewarsa. A bakin hawan ƙasa ka dasa ciyawar jema, saiwarta tana nutsawa ta kama ƙasa.

Ka kai mai zane filin da ƙafarsa, ka ba shi awon turakun nan, sannan a kai zanen hukumar tsara birane a sa hannu. In kuɗi bai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, fara da kwalbati, kwata da bangayen hawa-hawa, ka bar su su sha damina ɗaya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ɗauki lema ka je ka tsaya a filin, ka ga inda yake shigowa da inda yake taruwa. In an ɗauki awon, ka turo mana lambobin tare da inda gabas take, sai mu duba inda ɗakin Hajiya zai fi dacewa. Allah Ya sa albarka, Ya sa a shiga lafiya.