FILIN TAMBAYA DA AMSA: In mayar da yarona garinmu ya yi sakandare?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauko wannan makon, duk kan abu ɗaya suka faɗo, wato karatun boko a ƙaramin gari. Ta farkon ta ci mana wuri sosai, waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaci ne a Kano amma a wani ƙaramin gari na ƙasar Gumel na tashi, can na yi firamare da sakandare gaba ɗaya. Yanzu ina da yaro zai gama aji shida, kuɗin makarantar kuɗi ya ishe ni kowane zango sai an ƙara, ga yaron baya jin magana daga waya sai kallon ƙwallo, shine nace zan kai shi gida wajen Hajiyarmu ya yi sakandare a can kaman yadda na yi tunda ni dai ban lalace ba. Uwarsa ta ce sam bata san zancen ba, har gaisuwa ta koma ta ciki-ciki. Malam wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh ni dai bana raba gardamar miji da mata a shafin mujalla, amma tunda nima ɗan ƙaramin gari ne kuma na sha ƙurar alli har na yi ritaya, bari in faɗa maka abin da na sani kai kuma ka auna.

Garin da kake tunawa fa ba shi ne garin da za ka kai yaron ba. Mu 'yan UPE ne, 1976 zamanin Obasanjo na soja, aka ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, dagaci da masu unguwanni suka dinga bi gida gida ana rubuta yara, wasu iyayen har ɓoye nasu suka yi ko a tura su gona tun asuba kar a gansu. Ba maganar takardar haihuwa, hedimasta zai ce ɗora hannunka ta tsakiyar kai ka kamo kunne, in ya kai ka shiga aji ɗaya, in bai kai ba sai baɗi. Yara suka fi ajujuwa yawa, wasunmu a gindin darbejiya muka fara a b c d a zaune a ƙasa, malaman ma da yawansu horon gaggawa aka yi musu aka turo su. Kenan ko a lokacin ba wai makarantar ce ta fi ta birni ba.

Abin da ya riƙe mu gari ne. Kowa ya san ɗan wane ne kai. In ka sulale bayan an fita tara, kafin ka kai bakin kasuwa mai shayi ya ganka mai facin keke ya ganka, kuma kafin ka isa gida labari ya riga ka, ka sha bulala a gida gobe ka sha wata a asambili. Hedimasta sahu ɗaya yake sallah da babanka, rifot kad ɗinka ma wani lokaci a ƙofar masallaci ake karanta shi. Da asuba makarantar allo, ka dawo ka sha koko ka ruga kar a rufe get a sa ka tsallen kwaɗo ko tsintar ƙasa, a layi a duba farce da haƙora da gashin kai, ƙarfe tara a fita ka sayi ɗanwake ko rogo da ƙuli da ɗan kuɗin taran da aka baka, an tashi ka kai abinci gona ko ka yo ciyawar awaki, bayan la'asar allo kuma, da dare in da farin wata a yi langa 'yan mata suna gaɗa a dandali. Yaro ba shi da wani lokaci da babu idon babba a kansa. Wannan shi kake kewa, kuma ban ga laifinka ba.

Amma yanzu wa zai sa masa idon? Hajiya? Ai ka san tsakanin kaka da jika wasa ne, ita da take ce masa maigidana, ko kai ka ɗaga masa murya a gabanta kai za ta rufe da faɗa. Ƙannenka da 'yan ajinku da za su tsawatar yawancinsu suna Kano ko Abuja ko Legas suna nema kaman kai. Wayar da kake gudu kuwa ta riga ka isa garin, gidan kallon ƙwallo da janareto babu garin da babu shi yanzu, shagon cajin waya nan matasa ke yini, maganar ƙwaya da sirop ma ba ta birni kaɗai ba ce, je ka tambayi limamin garinku ka ji.

Sai maganar nan taka ta ni dai ban lalace ba. Haka ne, Allah ya ƙara rufa asiri. Amma zauna ka lissafo 'yan ajinku na firamare da sunayensu, nawa ne suka ci kwaman entirans, nawa suka gama sakandare, nawa suka wuce gaba? A ajinmu 'yan matan tun kafin aji shida aka fara ɗebe su ana musu aure, mazan kuma da yawa in damina ta faɗi sai ka daina ganinsu, wasu daga tafiya ci rani shi kenan ba su ƙara waiwayar aji ba. Mu da muka fita muke rubutu a mujalla mu ake jin muryarmu, sai a ɗauka kowa haka ya fita.

Kar kuma ka ji kaman ina cewa ƙaramin gari ba ya karatu. A 1977 tsohuwar jihar Kano, lokacin Jigawa na cikinta, ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ba a tsakiyar birni ba, kuma ka shiga asibitocin Kano da Jigawa ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunayen nan biyu. Me aka yi? An tace yara da jarrabawa, an kawo malamai, an zuba kayan gwaji, an ciyar da su. Inda aka yi haka ko a daji ne za a yi karatu.

Saboda haka kafin ku ƙara wata magana da mai ɗakin naka, ɗauki hutun kwana ɗaya ka je makarantar da kanka, kar ka sanar da kowa, kuma kar ka je ranar Litinin da kowa ke nan. Je ranar kasuwa. Ku mutanen ƙasar Gumel kun san yadda Alhamis take saboda kasuwar Maigatari, in ka tarar da yara a aji da malami a gaban allo ranar nan toh makarantar da sauranta. Ka tambayi firinsifal malaman lissafi nawa gare shi, na Turanci nawa, wa ke koyar da fiziks da kemistiri, kuma cikinsu nawa ne na dindindin nawa ne 'yan bautar ƙasa da za su tafi bayan shekara. Ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje ka gani da idonka, don akwai inda za a nuna maka ƙofa da kwaɗo an rubuta suna a sama, ciki kuwa karyayyun bencina ne da jemagu. Ka nemi sakamakon WAEC da NECO na shekarun baya ka ga nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, in ka ga kowa ya ci reras alhali babu malamin lissafi toh ka san yadda aka yi aka ci, kuma ba irin cin da kake so wa ɗanka ba ne. Ka leƙa banɗaki da inda suke shan ruwa.

In duk ka gamsu, lokacin da ka zaɓa daidai ne, shiga JS1 ya fi a cire yaro a tsakiyar zango, amma sai ka samo namiji tsayayye a gidan wanda yaron ke shakka, kawu ko baffa, a damƙa masa shi a gaban Hajiya. In baka gamsu ba akwai makarantun gwamnati na jeka-ka-dawo a nan Kano da za su rage maka nauyin aljihu, in ya gama JS3 ya gwada jarrabawar makarantun kimiyya, dogon hutu kuma ka tattara shi ka kai garin ya yi noma ya san danginsa, wayar ta zauna a Kano. Ita kuma uwarsa ka zaunar da ita ka tambaye ta me take tsoro takamaimai, wataƙila ta san wani abu game da gidan naku da kai baka sani ba, mata suna jin abin da mu bama ji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a shekarar farko, a wani ƙaramin gari a jihar Katsina na yi karatuna duka kuma kullum ni nake zuwa ta ɗaya ko ta biyu. Amma da na zo nan wlh sai na ga kaman ban taɓa shiga aji ba, 'yan makarantun kuɗi suna zuba Turanci ni ko tambaya bana iya yi, ranar da na gwada aka yi min dariya har wata ta ce min baƙauyiya. Har na fara tunanin in haƙura in koma gida.

AMSA: 'Yata ki koma gida ki yi me? Wadda ta ce miki baƙauyiya a tambaye ta garin kakanta mu ji.

Abin da ke damunki ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, rashin sabo ne, kuma na san daga inda ya fito don da hannunmu malamai a ciki. A takarda, kafin gwamnati ta soke tsarin a 2025, an daɗe ana cewa a fara koya wa yaro da harshen gida a ƙananan ajujuwa sannan a juya zuwa Turanci, amma a garuruwanmu juyawar ba ta faruwa, malami zai rubuta Turanci a allo ya yi bayani da Hausa har SS3, yara su kwafe su haddace su zuba a jarrabawa. Sai kuma a ce an hana Hausa a aji, monita na rubuta sunan duk wanda ya yi, a ci tararsa ko a zane shi, toh me yaro zai yi? Sai ya kama bakinsa gaba ɗaya, ba Hausar ba Turancin. Haka aka yaye ku kuna iya karantawa da rubutawa amma baki bai taɓa motsawa ba.

Maganinsa motsa bakin. Ki samu ƙawa ɗaya mai hankali ku yi alkawari in kuna tare daga hostel zuwa aji Turanci za ku yi ko da a karye ne. Kullum ki ɗauki shafi ɗaya na handawut ɗinki ki karanta da ƙarfi a ɗaki kina jin muryarki, ki dinga sauraron labarai da Turanci a rediyo bayan kin ji na Hausa tunda kin riga kin san labarin za ki fi kama kalmomin. Tambaya kuma ki rubuta ta a takarda kafin ki ɗaga hannu. Ki jira sakamakon zangon farko ya fito kafin ki yanke wa kanki hukunci, jarrabawa a rubuce ake yinta, kuma wadda ta saba karatu da fitilar ƙwai bayan ta gama wanke-wanke da ɗiban ruwa ba a cika barinta a baya ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗan SS3 ne, garinmu babu cibiyar kwamfuta kuma ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai waya, ga JAMB na tafe. Ya zan yi?

AMSA: Ɗana kwantar da hankalinka, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta zalla kuma dubban 'yan ƙauye irinka sun yi sun wuce. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa ukun da ka zaɓa 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. Ba sai ka iya buga rubutu ba, ko linzamin ma in ya gagare ka akwai maɓallai, A B C D na zaɓen amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S kuma na miƙa aiki ne, shi kar ka kusance shi sai ka gama ka duba.

Abin da ya fi kayar da yaran garuruwanmu tun kafin ranar ne. Ka nemi lambar NIN tun yanzu don ba a rajista sai da ita, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da WAEC da takardar firamare, in ka saba rubuta Muhammadu a nan Mohammed a can je ka gyara kafin rajista. Layin wayar da za ka yi amfani da shi ya zama naka ne kar ka ari na mai shago, kuma rajistar a cibiyar da JAMB ta amince da ita za ka yi. Wajen rajista ka ce kana son jarrabawar gwaji wato mok, ita ce za ta fara zaunar da kai gaban kwamfutar. Ku haɗu ku huɗu ko biyar 'yan ajinku ku yi karo-karo ku je hedikwatar ƙaramar hukuma ko gari mafi kusa ranar Asabar ku biya awa ɗaya-ɗaya a shagon kwamfuta, sannan in takardar ta fito aka turo ka wani gari, ka tafi tun ana gobe ka kwana wajen ɗan'uwa ka je ka ga wurin da rana, kar ka dogara da motar kasuwa da safiyar ranar.