Bishiya Tana Fure Amma Ba Ta 'Ya'ya

Tambaya: Na dasa gwanda guda ɗaya, tana fitar da furanni masu yawa, amma har yanzu ba ta yi 'ya'ya ba. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, mai yiwuwa gwandarka namiji ce, domin gwanda iri uku ce: namiji, mace, da mai haɗe da jinsi biyu, kuma namijin galibi ba ya yin 'ya'ya. Ana gane namijin da ƙananan furanni masu lilo a kan dogayen sanduna, yayin da furen macen yake da girma kuma manne da jikin bishiyar. Mace ba ta yin 'ya'ya masu kyau sai ƙwari ko iska sun kawo mata garin furen namiji, shi ya sa manoma suke barin namiji ɗaya ga mata kusan 10. Dabino ma haka yake, har ana yi masa barbara da hannu, wato mutum ne yake kai wa macen garin furen namiji. Lemo kuwa yawancinsa yana wadatuwa da furensa. Idan ka ƙara dasa wasu, ka guji fesa maganin ƙwari lokacin fure, domin yana kashe ƙudan zuma.