Amsa: Shin makaho ya taɓa riƙe muƙamin minista a Birtaniya?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne wani makaho ya taɓa zama minista a Birtaniya, saboda kana son ƙarfafa wa ƙaninka gwiwa. Ƙwarai kuwa, sunansa David Blunkett.

An haife shi a garin Sheffield a 1947, kuma da makanta ya zo duniya. Yana ɗan shekara 12 mahaifinsa ya faɗa cikin tafasasshen ruwa a wurin aiki, ya rasu, gidan ya shiga talauci. Da karatun dare ya haɗa takardun da suka kai shi jami'a. Yana da shekara 22 ya zama kansila, daga baya ya shugabanci majalisar birnin daga 1980 zuwa 1987, shekarar da ya shiga majalisar dokoki a jam'iyyar Leba.

Firayim ministan wancan lokacin, Tony Blair, ya naɗa shi ministan ilimi a 1997, sannan ministan cikin gida a 2001. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake aiki: ana karanta masa takardun ofis a kaset, ya saurara, ya riƙe alƙaluma a ka. In ya tashi jawabi, yatsunsa na bin rubutun makafi, karen da ke yi masa ja-gora kuma na kwance a gindin ƙafarsa.

Gaskiya dai ba a rasa nono a ruga: sau biyu ya yi murabus daga gwamnati bisa ce-ce-ku-ce, a 2004 da 2005. Ya bar majalisar wakilai a 2015, aka kai shi majalisar dattawa. Ka gaishe min da ƙanin naka.