Wata nawa ake bukata kafin a kai yara babban wurin shaƙatawa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kuna so ku kai yaranku uku ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawan nan masu lilo irin na Disney, babba shekara 12, na tsakiya 8, auta 4. Maigida ya ce ba sai an yi wani dogon shiri ba, in an je a yanki tikiti a shiga, ke kuma kin ji ana cewa sai an fara tun shekara guda. Sau huɗu muka yi irin wannan tafiya da yarana, kuma kowace da abin da ta koya mini.

Ya danganta da girman wurin. Idan ƙaramin wuri ne da za a shiga mota a je a wuni a dawo, maigida ne da gaskiya. Mako guda ya isa: a duba ranakun da suke buɗewa, a sayi tikiti ta intanet, a leƙa hasashen yanayi, shi ke nan. Tafiyarmu ta farko haka ta kasance, kuma ba abin da ya ɓaci. Amma wuri kamar Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka gari ne guda. Filinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100, kuma wuraren wasa huɗu ne a ciki, kowanne da ƙofarsa: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Daga wannan zuwa wancan sai an hau bas ko jirgin ruwa ko jirgin ƙasa. Wanda ya je irin wannan wuri da niyyar "ma gani a can", rabin kwanansa na farko a tambayar hanya zai ƙare. Ga irin wannan tafiya, musamman in da hawa jirgin sama, ni wata shida zuwa takwas nake ba kaina. Kada adadin ya tsorata ki. Ba wata takwas ana aiki ba ne, 'yan abubuwa ne ƙalilan da kowannensu yake da lokacinsa, in ya wuce ya wuce.

Idan za a ƙetare iyaka, takardu ne farko, kafin a biya ko sisi a wani wuri. Ki ɗauko fasfo ɗin kowa yau ki duba ranar ƙarewarsa, musamman na yara, don a ƙasashe da dama nasu ya fi na manya saurin ƙarewa, kuma ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida. In ana bukatar biza, ita ce za ta yanke muku ranar tafiya, ba ku ba. Kafin ta fito, duk abin da za ki kama ki tabbatar irin wanda ake iya sokewa a mayar da kuɗi ne.

Sai masauki, kuma a nan ku kuna da wata matsala da masu yara biyu ba su da ita: ku biyar ne. Yawancin ɗakunan otal mutum huɗu suke ɗauka. Masu ɗaukar biyar ba su da yawa, su ne kuma ke fara ƙarewa lokacin hutun makaranta. In kin makara, sai dai ɗaki biyu, ko kuma can nesa da wurin. Nisan nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, za ki gane dalili in na zo maganar hutun tsakar rana.

Game da zaɓen lokaci, hutun yaranki shi ne hutun yaran kowa, don haka cunkoso ba makawa, sai dai a rage. Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara yana cikin mafi cunkoso a shekara, in da hali a kauce masa. Florida daga Yuni zuwa Agusta zafi ne mai gumi, da la'asar kuma hadari kan taso, kuma da an fara walƙiya ake tsayar da lilon da ke fili. Kakar guguwar Atlantika tana farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba. A Turai kuma akasin haka ne, wasu wuraren kamar Legoland na Billund a Denmark sukan rufe na watanni lokacin sanyi, alhali Disneyland Paris a buɗe yake duk shekara. Idan hutunku cikin tsananin zafi ya faɗa kuma Abu Dhabi kuka nufa, Warner Bros. World da ke tsibirin Yas gaba ɗayansa a cikin gini yake da na'urar sanyaya iska, rana ba ta taɓa ku.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji, don shi ne ya taɓa sa ni kuka tare da ɗana. Tsawon yaro. Kowane lilo mai gudu yana da ma'aunin tsawo a bakin layi, kuma ba a duba shekaru, ba a jin roƙo, don ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an ƙera shi ne daidai wani tsawo. A wata tafiya da muka yi zuwa wani wuri da ba sai na ambaci suna ba, ɗana na biyu ya shafe wata biyu yana maganar wani lilo guda, yana kallon bidiyonsa, yana ba abokansa labari. Muka je, ma'aikaciyar ta tsayar da shi a jikin ma'auni, ya gaza da kamar faɗin yatsu biyu. Yayansa ya shiga, shi ya tsaya yana kallo. Aikinta ta yi, kuma ta yi daidai. Ni ce ban duba ba, alhali a rubuce yake a shafinsu tun kafin mu bar gida. Ranar nan duk abin da muka hau daga baya bai shiga ransa ba.

Saboda haka ki jingina su da bango, da takalman da za su saka, ki auna, ki rubuta. Sannan ki buɗe jerin lilon wurin ki gwada. Misali a Magic Kingdom, Seven Dwarfs Mine Train santimita 97 yake nema, Space Mountain 112, TRON kuma 122. A Disneyland Paris, Hyperspace Mountain santimita 120 ne. Autarki mai shekara 4 da wuya ta kai manyan, ɗan shekara 8 kuma yana iya zama a kan gaɓa. Ki yi wannan tun kafin ki nuna musu bidiyon komai, don kada ki ɗora musu rai a kan abin da ba za su samu ba. Wani lokacin ma awon nan shi ke sa a canza wuri gaba ɗaya, ko a ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Kuma ki tambayi tsarin musayar iyaye da manyan wuraren ke da shi: ɗaya ya tsaya da ƙaramar, ɗaya ya hau da manyan, in sun sauko wanda ya jira ya shiga ba tare da ya sake bin dogon layi daga farko ba. Ba a cika tallata shi ba, sai kin tambayi ma'aikacin da ke bakin layi.

Wajen lissafin kuɗi, ki sani babbanku a wajensu babba ne. A Disney World tikitin yara daga shekara 3 zuwa 9 ne, a Disneyland Paris daga 3 zuwa 11, 'yan ƙasa da shekara 3 ne kaɗai ke shiga kyauta. Farashin tikiti kuma yana bin rana, wata ranar ta fi wata tsada, don haka matsar da tafiya da kwana biyu kan iya rage wani abu mai kauri idan an ninka sau biyar.

Akwai ranaku biyu da ya kamata ki sa wa ƙararrawa a waya idan Disney World ne. Ta farko, saura kwana 60, lokacin ne ake buɗe kama teburi a gidajen cin abincinsu, kuma waɗanda yara ke cin abinci tare da jaruman katun ɗin da suke so sukan cika da wuri. Ba sai kowace rana ba. Guda ɗaya a duk tafiyar ya ishe mu. Ta biyu ita ce ta sayen damar bin gajeren layi, wanda suke kira Lightning Lane: masu kwana a otal ɗinsu suna iya zaɓa tun saura kwana 7, sauran mutane saura kwana 3. A nan ki yi hattara da tsohuwar shawara, har da tawa in ta kwana biyu. Da can akwai FastPass+ wanda kyauta ne, aka daina shi a 2020, a 2021 aka kawo Genie+ na biya, a watan Yulin 2024 kuma aka maye gurbinsa da tsarin da na ambata. Wanda ya je shekara biyar da suka wuce zai ba ki labari da zuciya ɗaya, amma labarin wani tsari ne da ba ya nan. Duk abin da aka gaya miki, ki je shafin wurin da kansa ki tabbatar.

To, iyakar abin da nake shiryawa da wuri ke nan. Abin da na daina yi shi ne tsara yinin kansa awa bayan awa. Bayan abin da ya faru da ɗana, tafiyar da ta biyo baya sai na wuce gona da iri. Na rubuta takarda, ƙarfe tara wannan, tara da rabi wancan, har lokacin shiga banɗaki. Kwana na biyu da hantsi 'yata ta tsaya wajen wani fili da ruwa ke tsartuwa daga ƙasa, yara na gudu a ciki, tana dariyar da ban taɓa jin irinta ba. Ni kuwa idona na kan agogo, na janyo hannunta muka tafi kama layin wani abu da ko tunawa da shi ba ta yi yanzu. Har yau in na tuna abin yana damuna. Takarda ba ta san lilo zai lalace na awa guda ba, ba ta san ruwa zai sauko ba, ba ta san ƙafar yaro za ta yi kanta ba. In aka matsa sai an bi ta, uwa ta zama mai kora, yara su zama abin kora, maigida kuma ya yi shiru, kin san irin shirun.

Yanzu abin da muke yi, kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da in bai yi ba ransa zai ɓaci. Yara uku, abu uku a rana. Mu isa ƙofa kafin a buɗe, don da sanyin safiya ake kama fara, awa biyun farko layi gajere ne, a ciki ake gama waɗannan ukun ko biyu daga ciki. Masu kwana a otal ɗin Disney World ma ana barinsu su shiga minti 30 kafin kowa. Da rana ta take, lokacin da layi ya fi tsawo kuma zafi ya fi ƙarfi, sai mu koma masauki, a yi wanka, a kwanta, a dawo da yamma don faretin dare da wasan wuta. Wannan ne ya sa na ce nisan masauki abin dubawa ne. In tafiyar awa guda ce, ba za ku koma ba, za ku daure, kuma auta ce za ta biya da kuka wajen ƙarfe huɗu. Bayan kowane kwana biyu kuma mu bar rana ɗaya ba shiga ko'ina. Da farko na ɗauka asarar kuɗi ce, sai na ga ranar da ke biye da ita ta fi kowace daɗi.

Saura wata ɗaya, ki fara fita da su tattaki da yamma cikin takalman da za su tafi da su. A wurin nan ana wuni a tsaye, ana yin tafiyar kilomitoci ba tare da an lura ba, kuma sabon takalmi ranar farko babban kuskure ne. Autarki ko ta daina hawa keken tura yara a gida, a can za ta bukace shi, ko ki tafi da naki ko ki yi haya. Ki nuna mata bidiyon lilon da ke cikin duhu ko masu ƙara, don wani yaron ya kai tsawo amma zuciyarsa ba ta kai ba, kuma kada a tilasta masa. Ki koya musu cewa duk wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya nemi ma'aikaci mai alamar suna a ƙirji. Ni nakan rubuta lambar wayata a takarda in sa wa ƙaramar a aljihu, kuma kowace safiya in ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu, don in hankali ya tashi mutum ko launin rigar ɗansa ba ya iya tunawa.

Makon ƙarshe ƙananan abubuwa ne. Ki sauke manhajar wurin ki saka tikitocin kowa a ciki tun kina gida, ki koyi yadda take nuna tsawon layi, ki tanadi abin cajin waya na tafi-da-gidanka don wayar za ta wuni tana aiki. Ki sake duba jerin lilon da aka rufe don gyara, don wani yakan yi watanni a rufe, gara yaro ya ji labarin a gida da ya tarar da katanga.

Maigida kuma ki raba masa aikin da zai ji daɗinsa, ki bar masa jirgi da takardu, ke ki riƙe masauki da abin da ya shafi yara. In kin auna su yau da dare, ki rubuto mini tsawon na tsakiya da na auta, da watan da hutunku ya faɗa, da wuraren da kuke tunani, sai mu duba tare wanne zai fi karɓarsu su ukun.