Dalilin da ya sa na soke "are" a takardar Alhaji mai aya

Ɗana, jiya da yamma ka tambaye ni dalilin da ya sa na gyara kalma ɗaya a takardar da ka fassara wa Alhajin nan mai fataucin aya, wadda za a kai wa abokin cinikinsa a Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Kai ka rubuta "Five hundred thousand francs are enough for the deposit", ni kuma na soke "are" na sa "is", sai ka ce ai jaka ɗari biyar ba abu guda ba ne, don me za a ba ta aikatau na tilo? Tambayar ta yi mini daɗi, domin ta nuna cewa kana lura da nahawu.

Abin da za ka riƙe shi ne, mai Ingilishi idan ya ambaci adadin kuɗi ko tsawon lokaci, kallon dunƙule guda yake yi masa. Lokacin da Alhaji ya ɗora damin kuɗin kafin alƙalami a kan teburinmu, ɗaure da roba, babu wanda ya tsaya yana kallon takardun ɗaya bayan ɗaya. Magana ake yi a kan jimillar, ko ta isa ko ba ta isa ba. Saboda haka aikatau ya zama na tilo, ko da sunan yana ɗauke da alamar jam'i. Haka ma lokaci: "Three months is too long to wait for payment", domin wata ukun nan wa'adi ɗaya ne da aka yanka.

A ganina Faransancin da ka koya a lakwal ne ya ja hannunka, domin a can galibi jam'i ake sawa, a ce "cinq cent mille francs suffisent". Da ka saurari Hausarka da ba ka yi kuskuren ba. A babbar kasuwar Maraɗi me kake ji? "Jaka goma ta ishe ni." "Wata uku ya yi yawa." Bahaushe sau da yawa ko sunan ma ba ya jam'intawa idan ya haɗa shi da adadi, shi ya sa muke cewa kwana goma, wata uku. A wannan wurin Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, kuma ina so ka riƙa faɗin jimlar da Hausa a zuciyarka kafin ka ɗora alƙalami.

Sai dai kada ka ɗauka ko'ina tilo ne. Idan ana nufin watannin suna shuɗewa ɗaya bayan ɗaya, jam'i ya dawo: "Three months have passed since the lorry left Maradi." Idan kuma takardun kuɗin kansu ake nufi, misali an sami guda biyar yagaggu a cikin damin, sai ka rubuta "Five notes were torn", domin yanzu ƙirga su ake yi. Tambayi kanka kullum: farashi ko wa'adi ake aunawa, ko kuwa ƙwayoyi ake lissafawa?

Akwai wani tarko kusa da wannan. Mu mukan ce "kuɗin sun iso", amma "money" ba ta karɓar aikatau na jam'i, sai dai "The money has arrived". Na sha ganin ƙwararru sun faɗa a nan.

Ba don son wahalar da kai nake tsanantawa ba. Tun da kundin tsarin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ina sa ran masu neman irin wannan aiki za su ƙaru, kuma ɗan kasuwan da ya ba mu amanar takardarsa da mutuncinsa ya haɗa mana. Ka sake buga takardar gobe da safe, ka duba sakin layi na biyu inda aka yi maganar kwana 45 na biyan sauran kuɗin, domin nan ma "is" ake bukata, sannan ka kawo mini in gani kafin direban ya tashi.